Wasiƙa zuwa Kumasi kan maganar mota

Assalamu alaikum, aminina Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe min da mutanen zango baki ɗaya. Mu nan Kano sai godiya.

Abin da ƙanena ya faɗa maka gaskiya ne, J5 ɗina ta kwanta. Na ɗauko atamfa da shadda daga Kantin Kwari zan kai Zariya, muna wuce Kwanar Dangora na ji injin ya canza murya, kafin in gangara gefen titi ya buga. Ban ga laifinta ba, tsufa ne. Motar da aka daina ƙerawa tun shekarun 1990, ta ciyar da gidana shekara 11, har 'ya ta aurar min. Bakanike ya ce a sake injin, na ce masa bodin ma ya gaji, a bar tsohuwa ta huta.

Na ga saƙonka cewa in sayi Sprinter, kuma na gane dalilinka. Ku can ita ce ta cika titi, kuna kuma da unguwar makanikai ta Suame Magazine, inda kome ya lalace akwai mai gyaransa. Na je na ga wata doguwa mai tudun rufi, mutum ya miƙe tsaye a ciki kansa bai taɓa sama ba. Wallahi raina ya biya. Na zagaya ta sau uku, ina lissafin dila nawa za ta haɗiye.

Da na koma gida na kwanta sai wani tunani ya zo min: in ta tsaya min a Maigatari ko Jibiya bayan magariba fa? Injinta na gas ne, wato dizal, mai kwamfuta, sai an ɗauko mai na'ura daga birni ya duba ta, ni kuma ina zaune a kan dukiyar mutane. Ka san ɗan kasuwa, sau ɗaya yake karɓar uzuri, na biyu sai ya kira wani direba. Na yarda gas ya fi auki a doguwar tafiya, amma ko bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, litarsa ta fi ta fetur tsada a nan.

Don haka hankalina ya kwanta da HiAce mai injin 2TR, lita 2.7, ta fetur, giyar hannu. Ba ta kai Sprinter ciki ba, wata rana sai na yi sawu biyu. Amma kayanta, sabo da Beljiyam, suna jibge a Ƙofar Ruwa, kuma babu garejin da za ka tsaya a ce ba a san ta ba. Zan sa a ƙara mata sifirin a baya saboda nauyi.

Abin da nake gudu shi ne wadda ta yi haya. Za a cire kujeru, a fesa fenti, a ce maka yanzu ta sauka daga jirgi. Ni ba na kallon kilomita, ƙarƙashi nake leƙawa. Sai takardu. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wadda lambar bodinta ba ta yi daidai da takardar kwastam ba, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Akwai guda biyu da zan duba ranar Asabar tare da bakanikena. Kuɗin adashi da na tsohuwar motar sun kusa isa, saura kaɗan. In kana da hali ka ranta min cikon zuwa bayan Babbar Sallah, in kuwa babu, kada ka takura kanka. Ka kira ni da daddare mu yi magana.

Naka,
Garba