Barka da Sallah daga ƙasar Nabaho

Assalamu alaikum Baba, Inna, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Nan garin Gallup, a jihar New Mexico ta Amurka, muna bayanku da awa 7, don haka lokacin da muka tsaya sahu ku kun riga kun yanka, har an feɗe. A cikin masallaci muka yi sallar, yawancin jama'ar Larabawa ne 'yan kasuwa, mutanen kirki. Aka gaisa, kowa ya shiga motarsa. Ba doki, ba tambarin Sarkin Musulmi, ba yaro ko ɗaya da ya tare ni da maganar goron Sallah.

Wani abokin aikina ya ga na yi jugum, ya ce in taso mu tsallaka Arizona. Ya kai ni wani kwazazzabo da ake kira Canyon de Chelly, kusa da garin Chinle. Baba, ikon Allah! Kana tafiya a kan fako, sai kawai ƙasa ta tsage a gabanka, jan dutse ya miƙe ƙasa sumul, wani wurin zurfin ya kai mita 300. Titi ne ya bi gefen, an yi wuraren tsayawa inda ake leƙawa. A na ƙarshe muka ga dutsen da suke kira Spider Rock, siriri, ya tashi daga tsakiyar kwarin sama da mita 200. Mutanen Nabaho, wato ƙabilar da ke 'yan asalin yankin, sun ce a kansa wata gizo-gizo take zaune, wadda ta koya musu saƙa. Tun 1931 gwamnatin Amurka ta keɓe wurin, amma ƙasar tasu ce, yawanci baƙo ba ya kutsawa ciki sai da ɗan jagora daga cikinsu. Hakan ya burge ni. Har yau iyalai na noma masara a can ƙasa, suna kiwo.

Kiwon ne ya karya mini zuciya. Can ƙasa na hango tumaki, ƙanana kamar an watsa wake a faifai, ga ɗan hayaƙi na tashi kusa da wata bukka. Ranar layya, ga tumaki a gabana, ni ko ƙanshin suya ban ji ba.

Inna, tareni nake so. Kuɗin layyata na turo, na san Baba ya yanka, lada ya samu in sha Allah, amma ba ladan kaɗai nake kewa ba. Ina kewar a banƙare rago a jikin itace, a jera na gidanmu da na Kawu kewaye da wuta a ƙofar gida, maiƙo na ɗiga, hayaƙi na sa mu hawaye, Yaya Bello na faɗa a kan waye ya matsar da garwashi. Da kayan cikin da kike soyawa tun kafin la'asar, ki barbaɗa yajin nan naki. Nabaho ma masu cin naman tunkiya ne, mun tsaya na ci romonsu da wani soyayyen burodi, da daɗi, amma ba yaji. Don Allah a ajiye mini soye a cikin mai, ko zan sami mai zuwa.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo ta Mabera. Yaya Bello, na ga hoton shaddar, ta yi. Kaka kuwa a je har ɗaki a durƙusa a gaishe ta a madadina, a ce mata mijinta na Amurka yana nan lafiya, yana cin abinci, bai rame ba. A yanka mata hanta ƙanana saboda haƙori, kuma in ta ce za ta ziyarci Hubbare a kai ta a mota, kar a bari ta taka cikin ranar nan. Hadiza, ki turo mini hoton lallenki, goron Sallarki yana wurin Inna. Maƙwabta duka, da Liman.

Ku sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Aminu