Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamna Abba Kabir Yusuf: Ina Rabon 'Yan Matan Karkara a Ɗakunan Gwaje-gwaje 300?

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya riƙo. Ni malamar Kimistiri ce, kuma na san ba ka da lokacin doguwar shimfiɗa.

Ranar 8 ga watan Yunin 2024 ka tara jama'a a gidan gwamnati ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ba ka rufa wa kowa asiri ba a ranar. Da bakinka ka ce miliyoyin yaranmu a ƙasa suke zama, ka ce akwai ɗaruruwan makarantun da malami ɗaya tal ke riƙe da su. Cikin alƙawuran da ka jero, akwai guda da mu malaman kimiyya muka ƙulle a bakin zani: ɗakunan gwaje-gwaje 300 a makarantu 100. Muka yi lissafi muka ga uku-uku ne, muka ce to, na Fizis da na Kimistiri da na Bayoloji ke nan, Allah ya kawo mu.

Ranka ya daɗe, waɗanne makarantu ne ɗarin? Nawa ne na 'yan mata a ciki? Nawa ne a wajen ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye? Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta. In aka cire Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, saura 36, kuma a cikin 36 ɗin nan ne yarinya ke gama sakandare ba ta taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba.

Kai injiniya ne, ka san inda hanyar take tsinkewa. Ba a ƙofar jami'a ake rasa yarinyar Doguwa ko ta Kunchi ba. A ranar da ta shiga ajin farko na babbar sakandare ake rasa ta, ranar da za a raba ɗalibai, waɗannan kimiyya, waɗannan adabi. A makarantar da babu malamin Fizis, an gama rabon tun kafin a kira sunanta. Ba wanda zai tambaye ta me take so ta zama. Za a ce mata babu malami, ta haƙura, ai duk karatu ne. Shekara uku bayan nan za ta tarar cewa hukumar JAMB ba ta san da haƙuri ba: mai neman likitanci sai ta rubuta Fizis da Kimistiri da Bayoloji, mai neman injiniyanci sai da Lissafi da Fizis da Kimistiri. Ko makarantar koyon jinya da ungozoma, wadda iyaye suka fi sakin jiki da ita, tana neman kiredit a Fizis. Rashin malami ɗaya ya rufe mata ƙofofin nan duka, tana da shekara goma sha biyar.

Inda aka yi sa'a akwai malamin, sai ka tarar da wani abin takaicin. Duk malamin kimiyya a jihar nan ya san yadda ake yi. Ana zana kwalabe da bututun awo a kan allo, yara su kwafa, su haddace cewa in an ɗiga wannan ruwa a cikin wancan launi zai sauya. Sun yarda ne kawai don malam ya faɗa. Sai jarrabawar NECO ta ƙarato a tafi aron kayan aiki a wata makarantar, a miƙa wa yarinya abin da ba ta taɓa riƙewa ba, hannunta na rawa, mai sa ido na duba agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In sakamako ya fito ba daɗi kuma, sai wani ya zauna a ofis mai sanyi ya ce ai mata dama ba su da kan kimiyya.

Wanda duk ke faɗin haka ya je Jami'ar Bayero ya nemi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, 'yar Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa. Ta yi aure, ta haihu, sannan ta shiga jami'a tana da shekara 29, a 2015 ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, ta kuma zama farfesar Fizis. Kan kimiyya akwai shi a ƙauyukan nan. Malami da kayan aiki ne babu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Kano ce ta koya wa Arewa yadda ake wannan aiki. A 1977 aka kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba sa ƙirguwa. Na maza ne duka biyun. Sai a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, ita kuma da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 ta tafi can. Tun daga tushe mata a baya suka taso. Na san akwai ta Garko, akwai ta Mairo Tijjani a birni, ban raina su ba. Amma gurbi nawa ne a cikinsu in aka auna da yawan 'yan matan Kano? Kuma wa ke cin jarrabawar shiga? Yarinyar da ta fito daga makarantar kuɗi, ake yi mata darasin yamma a gida, za a zaunar da ita takarda ɗaya da wadda ta yi ƙaramar sakandare babu tsayayyen malamin Lissafi, a ce an yi adalci tunda tambayoyin iri ɗaya ne.

Na yaba da ka farfaɗo da tura ɗalibai karatu waje, 1,001 da aka ware a 2023 zuwa Indiya da Yuganda. Mun ga hotunan filin jirgi, mun taya iyayensu murna. Sai dai wanda ya gama digiri da babban sakamako ake ɗauka, wato wanda ya riga ya haye. Yarinyar da nake magana a kanta ba za ta taɓa shiga wannan layi ba, ko an mayar da adadin dubu goma.

Na san za a ce gine-gine ake yi, a yi haƙuri. To, ɗaki ba ya koyarwa. An sha gina ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar nan, a yanka kyallen buɗewa, a kulle, daga baya ya koma wurin ajiye karyayyun kujeru, saboda babu ruwa, babu wuta, babu sinadarai, babu ma'aikacin da zai kula da kayan. Malaman Fizis ɗin da ake gani a karkara sau da yawa 'yan bautar ƙasa ne, shekara ɗaya su tafi, aji ya koma jiran tsammani. Ka yi alƙawarin ɗaukar dubban malamai. Nawa ne na Fizis da Lissafi a cikinsu? Nawa ne mata? Malamar da za a tura Tudun Wada ko Sumaila tana buƙatar gida mai tsaro da alawus da zai sa mijinta ko mahaifinta ya yarda, in ba haka ba wata uku za ta yi ta fara zaryar neman canjin wurin aiki.

Ba kuma za a ce babu kuɗi ba. Gwamnatinka na alfahari da ware wa ilimi kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafi. Ga shirin AGILE na Bankin Duniya na tallafa wa karatun 'yan mata, da aka amince da dala miliyan 500 dominsa a 2020, Kano na cikin jihohi bakwai na farko. Sunan 'yan mata aka kira aka karɓo kuɗin, bashi ne kuma, su da 'ya'yansu za su biya. Ko don wannan sun cancanci su ga abin da aka saya musu.

Maza kuma, ku da ke cewa ba ku yarda likita namiji ya duba matanku ba, daga ina kuke so likitar ta fito?

Akwai yaran makarantar Tudun Maliki, kurame da makafi, waɗanda ake ɗauka tun farko cewa lissafi da kimiyya ba nasu ba ne. Akwai maganar makarantun kwana, da yadda rufe wasu a 2021 bayan sace ɗaliban Jangebe ya ƙara wa iyayen karkara tsoro. Kowace tana buƙatar wasiƙarta.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sa Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha su fito da sunayen makarantu 100 ɗin nan, kowace da ƙaramar hukumarta da inda aikinta ya tsaya, a karanta a gidajen rediyo da Hausa. In rabin ba na 'yan mata ba ne, a gyara. A ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbinta a makarantun kimiyya na mata. Kada kuma a buɗe ɗaki ko ɗaya sai an tura malamin da zai riƙe makullinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna so mu ji sunayen kafin a shiga sabuwar shekarar karatu, domin a makon farko ake raba ɗalibai.

Wassalam.

Wata malamar Kimistiri,
Kano.