Ɗan gyara kan gaisuwar safe ta Sifaniyanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina karanta jaridar nan ta waya, kuma filin koyon harsuna da kuka buɗe yana daga cikin abin da nake fara dubawa. A makon da aka taɓo Sifaniyanci, mai filin ya kawo "buenos días", ya ce ita ce "ina kwana", ana yin ta daga asuba zuwa sha biyun rana, daga nan sai a koma "buenas tardes". Haka take a littattafan koyo, kuma a Meziko ma galibi haka ake yi. Amma ni shekarata shida ke nan a Granada, kudancin Sifaniya, ina aiki a wani kamfanin shirya kayan lambu, kuma a nan abin ba haka yake tafiya ba. Shi ya sa na ce bari in sa baki.

A watana na farko na shiga wani kantin magani wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Na duba agogo, na ga sha biyu ta wuce da nisa, sai na gyara murya na ce "buenas tardes", ina jin kaina kamar wanda ya haddace darasi. Matar da ke bayan kanta ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau, ta ce "buenos días", ta ƙara wata magana da ban gane ba, mutanen da ke layi suka yi murmushi. Wani ɗan Maroko da ke bayana ne ya fassara mini. Cewa ta yi ai ba a ci abincin rana ba tukuna. A wurinsu safiya ba ta ƙarewa sai an ci abincin rana, shi kuwa abincin ba a zama cinsa sai ƙarfe biyu, wasu ma uku.

Da farko na ɗauka lalaci ne kawai irin na masu son barci. Daga baya na gane agogon ƙasar ne ya riga rana. A shekarar 1940 gwamnatin Franco, shugaban ƙasar na lokacin, ta tura agogo gaba da awa ɗaya, ya yi daidai da na Jamus da tsakiyar Turai, kuma har yau ba a mayar da shi ba, alhali ƙasar tana yamma sosai. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Granada sai bayan ƙarfe takwas. A lokacin zafi, da ake ƙara wata awar, sai an wuce ƙarfe biyu kafin rana ta take tsaka, mu da ke jiran azahar mun fi kowa sanin wannan. Ka ga ke nan mai cewa "buenos días" da ƙarfe ɗaya da rabi bai yi kuskure ba, a lokacin zafi rana ba ta ma take tsaka ba tukuna. Wanda ya rasa ta cewa tsakanin sha biyu da biyu, sai ya ce "buenas" kawai, tana shiga kowane lokaci, sai dai ba a yi wa babban mutum ita a ofis.

Akwai kuma kuskuren da kusan kowane baƙo ke yi, ni ma na yi shi watanni: "buenas días". Yawancin kalmomin da ke ƙarewa da "a" mata ne a Sifaniyanci, kunnen Bahaushe kuwa ya riga ya saba da irin wannan, don haka baki ke zamewa. To "día", wato rana, namiji ne duk da wasalin ƙarshensa. "Tarde", wato yamma, da "noche", wato dare, su ne mata. Saboda haka "buenos días", amma "buenas tardes" da "buenas noches". Kuma jam'i ce, wato ranaku masu kyau ake yi maka fata, ba guda ɗaya ba. Wasu masana harshe na ganin guntun wata tsohuwar addu'a ce mai cewa Allah ya ba ku ranaku na alheri. A Ajantina da Urugwai kuma tilo suka fi yi, "buen día".

Inda na fi sabawa da mai filin shi ne fassarar. "Buenos días" ta fi kusa da "barka da safiya", domin fata ce, ba tambaya ba. Ba a amsa ta da "lafiya lau", maimaita ta ake yi a wuce. Wannan ya daɗe yana yi mini bambaraƙwai. Mutum ya gaishe ka, kana shirin jin ya tambayi kwananka, sai ka ga ƙeyarsa.

Sai wata safiya, muna canja kaya kafin shiga aiki, wani dattijo ɗan Kolombiya da aka kawo sashenmu ya dafa kafaɗata ya ce "¿Cómo amaneció?" Na tsaya ina kallonsa. Ya nuna taga, inda gari ya fara haske, ya maimaita a hankali. "Amanecer" ita ce wayewar gari. Tambayata yake yi yadda na wayi gari! Malam Edita, tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Ya koya mini amsar, "bien, gracias a Dios", lafiya, godiya ga Allah. A Kolombiya da Meziko da ƙasashen tsakiyar Amurka gaisuwa ce ta yau da kullum, ko da yake 'yan Sifaniya ba su cika yin ta ba, su sai dai "¿qué tal?", wato yaya dai. In ana neman "ina kwana" ta gaskiya a wannan harshe, to ga ta nan. Babba ko wanda ba ka saba da shi ba, "amaneció" za ka ce masa, ta girmamawa da ke tafiya da "usted", wato "kai" ɗin da ake ce wa manya. Sa'anka ko yaro kuma "amaneciste".

Kar kuma a ɗauka cewa don gaisuwarsu gajeriya ce ba su damu da ita ba. Shiga lif, ko ɗakin jiran likita, ko ƙaramin kanti ba tare da ka ce wa mutanen ciki "buenos días" ba rashin tarbiyya ne a wurinsu. Wata tsohuwa da muke bene ɗaya ta yi mako biyu tana ɗaure mini fuska, ashe don na wuce ta a matakala ne ban ce komai ba, ni kuwa tsoron kwaɓa harshen nake yi.

Wanda zai zo Andalus, yankin da Granada take, ya shirya kunnensa. Ana rubuta "buenos días", ana karanta ta "buwenos diyas" da nauyin murya a kan "di", amma mutanen nan na kudu haɗiye "s" ta ƙarshe suke yi, abin da za ka ji shi ne kamar "buweno diya". "Hola", wato sannu, kuma "ola" ake cewa, "h" ba ta fita.

Roƙona na ƙarshe ga masu tsara shafi ne. A filin an buga "dias" ba 'yar alamar saman "í", an buga "manana" maimakon "mañana", kalmar da ke nufin safiya kuma take nufin gobe, har "gobe da safe" ta zama "mañana por la mañana". Mu da muke ƙorafi in an cire wa ƙ da ɗ lanƙwasa bai kamata mu yi wa harshen wasu haka ba. "Año" shekara ce, amma in aka cire mata wannan 'yar alamar sai ta koma kalmar da ba za ta bugu a jarida ba. A duba wannan kafin darasi na gaba, musamman in za a kawo gaisuwar sabuwar shekara.

Na gode. A gaida mai filin, a ce masa ina jiran darasin lambobi.

Mai karatunku,
daga Granada, Sifaniya