Roƙon tallafi don darasin aikin hannu na ɗalibanmu

Assalamu alaikum iyaye, dattawan unguwa da 'yan'uwa mazauna Tahoua.

Kwamitin kula da makarantarmu ta firamare na neman hannunku. Bana malamai sun shirya wa 'yan ajin CE2, CM1 da CM2, su 180, ayyukan hannu uku daga ƙasashe uku. Galibin kayan aikin suna cikin gidajenmu.

Babban aikin shi ne bogolan, rinin laka na Bambarawan Mali. Ana tafasa ganyen marke, a tsoma farin ƙyalle a ruwan har sau biyu, a shanya, ya fito rawaya. Sai yaro ya ɗauki tsinke ya zana da lakar ƙasan tabki wadda ta daɗe a tulu. Ƙarfen da ke cikin lakar ne ke haɗuwa da ruwan marke, wurin ya yi baƙi, ko an wanke ba ya fita. A Mali laka kan kai shekara tana ruɓa. Mu ba mu da wannan lokaci, don haka za mu zuba mata tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa tun yanzu. Abu biyu ke ɓata aikin. Yadi mai roba ba ya shan rini sam, sabon akoko kuma sai an wanke sitacinsa, in ba haka ba zanen ya fito toka-toka, yaro ya yi ta kallon wahalarsa a banza. Shi ya sa muke roƙon akoko na auduga zalla, mita 12. In mai faɗin mita guda ne, kowane mita yana ba da yanki 16 na santimita 25, kowa ya samu nasa har a rage.

Na biyu hatimin adinkra ne na Asantawan Gana, da suke sassaƙawa a jikin ƙwarya don buga alamomi a yadi. Sakainar da za ku zubar ta ishe mu. Malamai ne za su riƙe wuƙa, ba yara ba. Tawadarmu irin ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, amma a dama ta da kauri, a shafa da tsumma. In aka tsoma hatimin ciki zane ya caɓe.

Sai origami, naɗin takarda na Japan. Tsofaffin takardun ofis sun wadatar, muddin an yanka su kusurwa huɗu daidai, santimita 15. In gefe ɗaya ya fi tsawo, fikafikan tsuntsun da za a naɗa ba za su haɗu ba.

Ban da waɗannan muna bukatar almakashi 20 marasa tsini, tulu biyu, babbar tukunya, sabulu da ƙaro tiya ɗaya. Mai kuɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa, ko dala ashirin ce, a hannun ma'ajin kwamiti, ya karɓi rasit. Kaya kuwa a kai ofishin darakta. Masu amalanke, don Allah a taimaka da ɗaukar laka a makon nan, tun tabki bai ƙafe ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana zuri'a.

Kwamitin kula da makaranta