Kafin ka biya kuɗin babur ɗin nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan baburan da ka turo. Na yi murna ƙwarai da jin cewa doguwar tafiyar nan da ka daɗe kana buri ta kusa tabbata. Ka ce in faɗa maka ra'ayina ba kwana-kwana, to ga shi.

Na lura duk waɗanda ka turo manya ne, kuma zuciyarka ta fi kwantawa da BMW R 1250 GS Adventure. Babur ne na gaske, ba na ja. Tankinsa na cin lita 30, ba shi da cen balle ka riƙa fama da wanki da sa mai, domin ƙarfe ne a rufe yake juya tayar baya. Amma ka duba nauyinsa: kilo 268 idan tanki ya cika, tun ba ka ɗaura ko jaka ɗaya ba. Sa akwatuna, kayan gyara, ruwan sha da tufafi, ka haura 300. Yana gudu ba za ka ji wannan nauyi ba ko kaɗan, shi ya sa mai sayarwa zai ce maka hau ka ɗana. Nauyin yana bayyana ne da yamma lis, ka wuni a hanya, cinyoyinka sun yi tsami, ka ɓata hanya kana son juyawa a kan gangare mai tsakuwa. Ka sauke ƙafa, ƙafar ta zame. Babur ya kwanta, mai yana tsiyaya, ba kowa a kusa. Tambayar da nake so ka yi wa kanka a gaban kowane babur ita ce: idan ya faɗi ina ni kaɗai, zan iya ɗaga shi? In amsar a'a ce, ko ta ƙila ce, wuce shi.

Don haka ni dai matsakaita nake so ka duba. Suzuki V-Strom 650 ya fara shiga kasuwa a 2004, injinsa mai silinda biyu ne, girmansa cc 645, tankinsa lita 20, kuma an san shi da juriya. Honda CB500X, wanda yanzu ake kira NX500, cc 471 ne, nauyinsa bai kai kilo 200 ba, ga shi ba ya shan mai. Kada ƙanƙantar lambar ta sa ka raina shi, zai wuni yana tafiyar kilomita 100 zuwa 110 a awa bai gaji ba, kuma a doguwar tafiya ba ka buƙatar fin haka. Yamaha Ténéré 700 ya fi su iya gargada da yashi, sai dai sirdinsa dogo ne, wajen santimita 87 daga ƙasa, kai kuwa na san tsawonka. Sai ka zauna a kai ka ga ko tafin ƙafarka na taka ƙasa sosai. Honda Gold Wing kuwa, mai silinda shida, ba wanda ya kai shi daɗin zama a kan kwalta mai kyau, amma ya kusa kilo 400, kuma inda kwalta ta ƙare nan aikinsa ya ƙare.

Bayan nauyi sai zama. Wannan shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ke hana tafiya daɗi. Sirdin da ka ji laushinsa a minti biyar na farko, bayan awa uku soson ya lotsa, kana zaune a kan ƙashi. Mai ɗan tauri da faɗi ya fi. Ka lura da gwiwarka, in ta lanƙwashe da yawa za ta yi ta zugi. Ka lura da hannunka, kada ya zama kana miƙa ko kana dogara nauyin jikinka a kan wuyan hannu. Sai iska. Ƙarfin iskar da ke dukan ƙirjinka yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, kuma wuyanka ne ke ɗaukar wahalar. Gilashin gaba na taimakawa, amma idan tsayinsa bai dace da naka ba, sai ya riƙa watso iskar daidai hular kwano, kanka ya yi ta karkarwa har ka ji jiri. Ba a gane wannan a tsaye. Ka nemi a ba ka aro ko haya ka yi awa guda aƙalla a babbar hanya. Masu silinda ɗaya irin su Kawasaki KLR650, da aka fara ƙerawa a 1987, suna da sauƙin gyara ƙwarai, amma girgizarsu kan sa yatsu su mutu idan aka daɗe ana gudu.

Maganar taya ta danganta da hanyar da za ka bi, kuma a nan ka gaya wa kanka gaskiya. Tayar gaba mai inci 21 ta burji da ramuka ce, mai inci 17 ta kwalta zalla, mai 19 kuma tana tsakani. Yawancin masu doguwar tafiya a kan kwalta suke ƙare tafiyarsu, sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka 19 ta ishe ka. Abin da na fi so ka kula da shi shi ne ko tayar mai tub ce ko marar tub. Marar tub in ƙusa ta soke ta, iska a hankali take fita, kuma za ka toshe hujin a gefen titi ba tare da ka kwance komai ba. Mai tub kuwa sai ka cire taya gaba ɗaya, ka ɓamɓare ta daga rim, ka yi faci, ka mayar, a cikin rana ko a cikin ruwa.

Ka lissafa nisan da tanki ɗaya zai kai ka, kada ya gaza kilomita 300. Ka buɗe littafin babur ɗin ka ga iyakar lodin da aka yarje masa, domin nauyinka da na goyo duk a ciki suke, kuma lodin da ya wuce ƙima yana kashe shokozoba, yana tsawaita birki. Birkin ABS kam kada ka yarda a ce maka ado ne, ranar da ka taka birki a firgice kan kwalta mai jiƙa shi zai hana taya ƙamewa. Sauran na'urorin zamani ban damu da su ba. Wasunsu ma in suka sami matsala sai an jona kwamfutar kamfani kafin a gane ciwon, bakaniken da ke kan hanya ba abin da zai iya yi maka. Kafin ka saya, bincika ko ana samun taya, fatar birki da cen na wannan samfurin a ƙasashen da za ka ratsa.

In da ni ne kai, V-Strom 650 zan ɗauka idan za a riƙa yin goyo, NX500 kuma idan ni kaɗai ne. Ragowar kuɗin ka sayi hular kwano mai rufe haɓa, jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Waɗannan ba a jinkirta su sai an dawo.

Ka rubuto mini hanyar da ka tsara, da watan da kake son tashi, da kuma ko maiɗakinka za ta bi ka, don in san shawarar da zan ƙara kan akwatuna. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yara. Allah ya sa a saya a sa'a, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka