Bayan an gama gashi, wa zai koya wa Baba alwala?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na kiwon lafiya na makon jiya, wanda kuka yi a kan shanyewar ɓarin jiki. Likitan da kuka gayyato ya yi bayani mai gamsarwa a kan hawan jini da rage gishiri da shan magani a kan kari, ya kuma ce idan abin ya auku a kai mutum sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi da atisaye. Daga nan lokaci ya ƙare. Ni da na yi wata goma sha ɗaya ina jinyar mahaifina, wurin da kuka tsaya ɗin nan, nan ne tawa wahalar ta fara.

Baba tela ne, ya fi shekara arba'in a kan keke. Ciwon ɓarin dama ya kama masa. Masu gashi sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri, cikin wata uku ya miƙe yana dogara sanda har ƙofar gida, 'yan dubiya suna ta yi mana barka. Abin da ba su gani ba shi ne, wannan mai takawar ba ya iya sa rigarsa, ba ya iya riƙe buta, ba ya iya tsugunawa a bayi. Ni nake ba shi tuwo a baki. Ya daina cin abinci a gaban mutane, har jikokinsa. Wata rana an kira la'asar na same shi a tsakar gida ya zuba wa buta ido, hawaye na bin gemunsa, ya gaji da kirana.

Wata nas ce ta ce mu gwada ɗakin O.T. Ɗan ƙaramin ɗaki ne can ƙarshen baranda, bayan sashen gashi, ma'aikaci ɗaya tal a ciki. Sunan aikin nasu da Turanci okupeshinal tarapi, shi ne O.T. ɗin a taƙaice, wato koya wa majinyaci komawa yin ayyukansa na yau da kullum da kansa, ni kuwa da farko na ɗauka masu sama wa naƙasassu aikin yi ne. Ma'aikacin bai fara da taɓa hannun Baba ba. Kujera ya jawo ya zauna daf da shi, ya ce, "Baba, daga asuba zuwa isha, cikin abubuwan da ka saba yi da kanka, wanne ne rashinsa ya fi ci maka rai?" Harshen Baba ya yi nauyi a lokacin. Da ƙyar ya ce, "Alwala."

Da ita aka fara. Ya sa muka sayi bokiti mai famfo muka ɗora a kan benci, Baba ya zauna a kujera, ruwa na zuba ba sai an riƙe buta ba. Ya nuna masa yadda zai kama hannun daman da na hagu ya bi da shi a kan fuska da damtse, ko da yatsun ba sa amsawa. Ya ce mini, "Ka ga, atisaye ne sau biyar a rana, kuma ba sai ka roƙe shi ba." Ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu ɗaga shi ta hannun da ya shanye, don kafaɗar na iya gocewa. Watanni muka yi muna jan sa ta nan, ba mu sani ba.

Cin abinci ne ya ba da wuya. Baba ya ce gara ya kwana da yunwa da ya ci da hagu, ko da malamin unguwarmu ya gaya masa lalura ce. Ma'aikacin bai yi musu da shi ba. Ya ɗauko cokali ya naɗe mariƙinsa da soso da salatif har ya yi kaurin rake, yadda yatsun da ba sa dunƙulewa za su iya riƙewa, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano don kada ya riƙa gudu. Ya ba shi aikin tsintar wake daga faranti zuwa kofi, da murɗa murfin kwalba, da jan carbi da hannun dama. Sati uku aka yi kafin lomar farko ta isa baki, rabinta ma a gaban riga ta ƙare. Mahaifiyata ta shige ɗaki don kada ya ga fuskarta.

Riga kuwa dabara ce ƙarama: hannun da ya shanye shi ake fara zurawa, shi ake cirewa a ƙarshe. Maɓallai aka cire aka sa abin mannawa irin na takalmin yara, kuma Baba da kansa ya tsaya a kan yaron shagonsa har ya ɗinka yadda yake so. Wata Asabar ma'aikacin ya zo gidanmu a kan babur, ya leƙa bayi, ya auna tsayin kujerar da kafinta zai yi mai rami a tsakiya, ya nuna inda za a kafa bututun ƙarfe a bango na dafawa, ya sa aka naɗe tabarmar bakin ƙofa.

Sau biyu a sati muke zuwa, kuma saboda layi na ga yadda yininsa yake tafiya. Da safe yana zagayen ɗakunan kwanciya. Kafin ya dawo benci ya cika. Ga yarinyar da ta faɗa cikin tafasasshen mai, yana jiƙa wata farar roba a ruwan zafi har ta yi laushi, ya lanƙwasa ta daidai tafin hannunta, don kada fata ta haɗe yatsun in tana warkewa. Ga uwa da goyon ɗan shekara huɗu wanda shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa tun yana jariri, wuyansa bai tsaya ba, ana koya mata yadda za ta zaunar da shi ta ba shi kunu ba tare da ya ƙware ba. Akwai wani dattijo da nasa ciwon ya kama hagu, sai ya cinye rabin faranti na dama ya ce abinci ya ƙare. Iyalinsa sun ɗauka makanta ce ko sammu. Ma'aikacin ya bayyana musu cewa ƙwaƙwalwar ce ta manta da ɓangaren hagu, ya liƙa jan ƙyalle a gefen farantin ya ce masa kullum ya nemi jan tukuna. Idan robar nan ta ƙare, kuma tana yawan ƙarewa, sai ya koma kwali da filasta da guntun bututun ruwa. Azahar ta wuce kafin ya zauna rubuta bayanin kowane majinyaci a fayil. Ban taɓa ganin ya ci wani abu ba sai gyaɗa.

Da na tambaye shi, ashe aikin tsoho ne. A 1917 aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka, aikin kuma ya bunƙasa wajen kula da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka, da masu taɓin hankali da ake farfaɗo da su ta hanyar saƙa da sassaƙa da lambu. Ƙungiyarsu ta duniya ta kafu a 1952. A Nijeriya hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista da masu gashi da masu gyaran magana, tun dokar soja ta 1988. Akwai makarantar tarayya ta wannan fanni a Oshodi da ke Legas, ana kuma yin digirinsa a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Yaranmu sun san karatun gashi a Jami'ar Bayero, kowa ya san asibitin ƙashi na Dala, amma na tambayi ɗaliban aji shida na sakandare, ni malaminsu ne, ban samu ko ɗaya da ya taɓa jin labarin O.T. ba. Alhali aiki ne da yake buƙatar wanda ya san mece ce alwala, ya san kunyar dattijo, ya san cewa uwa ba za ta yarda namiji ya koya mata tsarki ba. Muna buƙatar 'ya'yanmu mata a ciki ƙwarai.

A watan Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar hawa da keke. Madalla. Amma sai wanda ya iya sa wandonsa ya fito daga ɗaki ne zai kai ga wannan hanyar.

Roƙona biyu ne. Ranar 27 ga Oktoba ce ranar masu wannan aiki ta duniya, 29 ga wata kuma ranar shanyewar ɓarin jiki. Ku gayyato ɗaya daga cikinsu, ku ce ya zo da cokalinsa da sosonsa, ku ba shi shiri cikakke, ku buɗe layin waya. Na biyu, ku da kuke sarrafa Hausa kullum ku sama wa aikin suna, don ba zan iya ce wa gwaggona ta ƙauye ta nemi "O.T." ba. Baba ya koma shago yanzu, yana zana yanka da alli yara suna ɗinkawa, zare a allura ne dai har yau bai samu ba. Shi "malamin hannu" yake ce wa mutumin. Idan kuna da wanda ya fi wannan, muna saurare.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
wani malamin makaranta daga Kano