Wasiƙa zuwa ga aminina a Williston

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta? Saƙonka ya iso, na kuma ji cewa a tirelar kwana za ka yi sanyin bana saboda tsadar haya. Ban ga laifinka ba, ma'aikatan rijiyoyin mai da yawa a can jiharku ta Dakota ta Arewa a Amurka haka suka yi shekaru. Amma hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka tun Oktoba bai fita ba. A Janairu sanyin wajenku yakan wuce digiri 30 ƙasa da sifili, ga iska a fili babu abin da ke tare ta, tirelar kuma don yawon bazara aka ƙera ta, bangonta ba kauri.

In kuɗinka abu ɗaya kawai za su iya, to ka rufe ƙarƙashinta. Mutane sukan fara da tagogi don nan suke jin iska a fuska, alhali ɓarnar daga ƙasa take. Tirela a kan taya take tsaye, iska na ratsawa ta ƙasanta dare da rana tana kwashe ɗumin daɓe, kuma a nan bututun ruwa da tankuna suke. Ka je shagon kayan gini irin su Menards ka sayi allon soso mai tauri, wanda ake sayarwa ƙafa 4 da ƙafa 8. Ka yanka daidai tsayin da ke tsakanin ƙasa da jikin tirelar, ka zagaye ta kaf, ka liƙe mahaɗar da salatif na alminiyam, ka tokare gindin da katako ko bulo don kada iska ta yi gaba da shi. Ka leƙa Facebook tukuna, magina sukan sayar da ragowar nasu da araha. Wani zai ce ka jera damin ciyawa, ya fi sauƙi. Kada ka yarda. Ɓeraye yake tarawa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Na ciki ba shi da wuya. Ranar da ake iska ka kunna turaren tsinke ka bi gefen ƙofa da tagogi da inda bututu ya huda daɓe. Duk inda hayaƙin ya karkata, akwai kafa. Robar bakin ƙofa in ta mutu ka canza, tagogi ka manna musu ledar nan da ake ɗamewa da na'urar busar da gashi, ramukan iska na rufi ka cusa musu soso, ƙasa ka shimfiɗa darduma ko da ta gwanjo ce.

Ruwa kuwa sai ka kula. Ƙaramar hitar lantarki ɗaki kawai take ɗumamawa, amma a tireloli da yawa hitar gas ta jikin tirelar ce ke tura zafi wajen tankuna. In ka kashe ta don tsimin gas, kai kana jin daɗi a ciki bututu na daskarewa a ƙasa, gyaran kuma ya fi kuɗin gas ɗin. Ka sayi tiyo mai ɗumama kansa da lantarki, ka riƙa barin ƙofofin kabad ɗin da bututu ya bi a buɗe da dare. Tankin bahaya ka bar shi a rufe sai ya kusa cika ka zubar gaba ɗaya. Kuma in layin wutarka amp 30 ne, wat 3,600 ke nan, hita ɗaya tana cin 1,500. Ka yi lissafi kafin ka jona ta biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne kada garin toshe iska ka toshe numfashinka. Na san mu, da hunturu ya kama sai a shigo da kaskon wuta ɗaki. Don girman Allah kada ka yi wannan a tirela, kada kuma ka kunna murhun girki don jin ɗumi. Iskar da ke kashe mutane a gida in sun kwana da janareto a ɗaki, ita ce dai wannan, ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji. Ka gwada na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska, in ta tsufa ka sayi sabuwa. Mafitar hayaƙin hita da ta firji da ke waje kada allon soso ko dusar ƙanƙara su rufe su. In kana girki ka ɗan buɗe ramin rufi ɗaya, in ba haka ba tururi zai jiƙa bango, funfuna ta kama bayan katifa.

In ka gama zagaye ƙasan ka turo min hoto in gani, musamman wajen tayoyin, nan ne aka fi barin kafa. Iyalina suna gaishe ka. In kun yi waya da Hajiya ka miƙa mata gaisuwata.

Allah ya tsare, ya sa a gama lafiya.

Naka amini,
daga Minneapolis